Harsashin da aka haramta a yaƙi, aka wajabta a farauta

A watan Yulin 1899, wakilan manyan ƙasashe da suka taru a birnin Heg na ƙasar Holan suka sa hannu kan yarjejeniyar da ta hana sojoji harbin juna da harsashin da ke buɗewa ko ya baje idan ya shiga jikin mutum. Ingila ce ta yi suna da irin wannan harsashi, domin a ma'aikatar makamanta ta Dum Dum, kusa da Kalkata a Indiya, aka riƙa barin kan dalmar a fili ba tare da an lulluɓe shi da ƙarfe ba. Wakilinta a taron, Manjo Janar John Ardagh, ya kare shi da cewa harsashin da aka saba da shi ba ya tsayar da mayaƙan al'ummomin da suke yaƙa a ƙasashen da suka mamaye. Taron bai karɓi wannan hujja ba. Ingila da Amurka suka ƙi sa hannu, sai a 1907 Ingila ta shigo. Yau harbin mutum da shi a fagen daga yana cikin laifuffukan yaƙi da dokar Kotun Hukunta Manyan Laifuffuka ta Duniya ta lissafa. Amma a Ingilar nan dai, dokar farautar barewa ta 1991 ta hana maharbi amfani da kowane harsashi in ba mai taushin kai ko mai rami a kai ba, wato wanda ke buɗewa, kuma jihohin Amurka da dama suna da irin wannan doka. Abin da aka kira rashin imani a kan soja, rashinsa ne ake kira rashin imani a kan barewa. Duk wanda ya ɗauki maganar tausayi da muhimmanci dole ya tsaya a nan ya tambayi kansa ko ɗaya daga cikin dokokin biyu kuskure ce.

Mutumin da tambayar ta fi shafa shi ne wanda ke haɗa harsashinsa da hannunsa. A Amurka sana'a ce ta gida da doka ta yarda da ita: mutum ya tara kwanson tagullar da ya riga ya harba, ya gyara shi a matsa, ya sa masa sabon makunni a gindi, ya auna albarushi a sikeli, sannan ya dasa kan harsashin da ya zaɓa. Manyan harsasan libarba da ake kira magnum ma daga hannun irin waɗannan mutane suka fito. Elmer Keith, makiyayi kuma marubuci a jihar Idaho, ya shafe shekaru yana ƙara wa tsofaffin harsasai ƙarfi, har libarba ta taɓa fashewa a hannunsa, kafin kamfanin Smith & Wesson ya fito da .357 Magnum a 1935, sannan .44 Magnum a tsakiyar shekarun 1950. Daga baya aka riƙa ƙera gajerun bindigogin kafaɗa masu cin harsashin magnum ɗaya da libarbar, irin Marlin 1894, kuma kasuwarsu ta ƙara buɗewa da jihohi kamar Ohayo da Mishigan suka halatta farautar barewa da su a 2014. Maharbinmu mai bindigar toka, wanda ke zuba albarushi da kansa ya danna dalma da sanda kafin kowane harbi, ya san nauyin da ke cikin wannan aiki ko da bai taɓa ganin sikeli ba. Abin da nake son tabbatarwa shi ne cewa wanda ya zaɓi ya haɗa harsashinsa ya rasa uzurin da mai saye a kanti yake da shi, kuma alhakin da ya ɗauka bai tsaya kan dabbar da ya auna ba.

Dokokin biyu ba su saɓa wa juna ba, domin ma'auninsu ɗaya ne. Tun a 1868, yarjejeniyar Sen Pitasbag ta kafa ƙa'idar cewa manufar yaƙi ita ce raunana rundunar abokin gaba, kuma hana soja ci gaba da faɗa ya wadatar, duk azabar da ta wuce haka ɓarna ce. Sojan da aka harba ana fatan ya rayu, likita ya ɗinke shi, ya zama fursuna, ya koma wurin iyalinsa bayan sulhu. Harsashin da ke yaga nama yana rufe masa wannan ƙofa. A farauta kuwa babu likita, babu sulhu. Barewar da harsashi ya ratsa ta ya bar ɗan rami kamar na tsinke za ta gudu da raunin cikin kurmi, ta kwana biyu ko uku tana ruɓewa da ranta, nama bai samu ba, rai kuma ya tafi a wulaƙance. A nan mutuwa ce manufar, don haka tausayin da ya rage shi ne gaggauta ta. Wannan shi ne abin da hadisin Shaddadu ɗan Ausu a cikin Sahihu Muslim ya koyar, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana cewa Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai har da kisa da yanka, ya kuma umarci mai yanka da ya wasa wuƙarsa ya hutar da dabbar. Kaifin wuƙa a hannun mahauci rahama ne. Buɗewar harsashi a ƙirjin barewa tana yin aikin da wasa wuƙa ke yi.

Malamanmu ba su taɓa ɗaukar yadda makami ke aiki a matsayin abin da ya fi ƙarfin fiƙihu ko ya gaza shi ba. Da Adiyyu ɗan Hatimu ya yi tambaya kan farauta da wani itace mai tsini da ake jefawa, amsar ta rataya ne kan yadda ya sami dabbar: in ya huda ta da tsininsa a ci, in ya buge ta da faɗinsa ta mutu to mushe ce, tana cikin waɗanda Suratul Ma'ida ta haramta. Da bindiga ta zo, malamai suka rabu. Ibn Abidin, babban malamin Hanafiyya na Dimashƙa, ya ga cewa dalma ba ta da kaifi, da nauyi da ƙuna take kisa, don haka bai halatta abin da ta kashe ba. Dasuƙi kuwa, a cikin hashiyarsa da ake karantawa a zaurukanmu, ya kawo cewa magabata ba su bar nassi a kan mas'alar ba tunda albarushi bayansu ya bayyana, kuma malaman Fas irin su Ibn Gazi da Abdulƙadir al-Fasi sun halatta, saboda harsashi yana zubar da jini kuma yana gaggauta mutuwa, waɗanda su ne dalilin da ya sa aka shar'anta yanka tun farko. Abin lura a nan shi ne tushen halaccin. An gina shi kan siffa biyu da ake iya gwadawa, zubar jini da sauri. Harsashin da ya fi cika siffofin nan ya fi kusa da abin da malaman suka halatta, wanda ya gaza su kuma yana komawa wajen bugun da aka hana. Ke nan sanin abin da harsashi ke yi a cikin nama ya shiga cikin ilimin da wajibi ba ya cika sai da shi.

Da a nan maganar ta ƙare, da dalma mai taushin kai ta wadatar, domin ta fi shekara ɗari tana kisa da sauri. Matsalar ita ce dalma ba ta daina kisa bayan barewa ta faɗi. Lokacin da harsashin ke buɗewa yana zubar da ɓurɓushi, wani bai kai ƙwayar yashi ba, ya watsu cikin nama da kayan ciki. Maharbi ya feɗe dabbarsa a daji, ya bar tumbi da hanji da huhu, tsuntsaye masu cin mushe su sauko. Babbar ungulun Kalifoniya da ake kira kondo ta ragu har saura 22 a duniya a 1982, kuma zuwa 1987 an kame duk 27 ɗin da ke raye don a kiwata su a killace. An fara sakinsu a 1992, yanzu sun haura 500, amma gubar dalma ce kan gaba cikin abubuwan da aka tabbatar suna kashe waɗanda ke sake. Wani bincike da mujallar Science ta buga a 2022, wanda ya duba gaggafa 1,210 a jihohi 38, ya sami alamar daɗaɗɗiyar gubar dalma a ƙasusuwan kusan rabinsu. Mutane ma ba su tsira ba: a 2008 aka ɗauki hoton eksire na naman barewar da maharba suka ba da sadaka ga mabuƙata a jihar Dakota ta Arewa, aka ga ɓurɓushin ƙarfe a ciki, hukuma ta ce a janye shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi na dalma a jini da aka san ba ya cutarwa, kuma yara ne suka fi jin jiki. Mai karatu a ƙasar Hausa ba ya buƙatar dogon bayani kan wannan, tunda a 2010 ƙurar dalmar da ke cikin duwatsun zinariya ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara. Girman masifun biyu ba ɗaya ba ne ko kusa, amma gubar ita ce dai. Shari'a ta ba maharbi izinin ran barewa ɗaya da ya ambaci sunan Allah a kanta. Ba ta ba shi ran gaggafar da za ta ci hanjin gobe ba, balle ƙwaƙwalwar yaron da za a zuba wa romon.

Harsashin jan ƙarfe zalla shi ne amsar da aka samu. Randy Brooks na kamfanin Barnes a jihar Yuta ya fito da nasa a 1989, kuma tun farko neman harsashin da ba ya tarwatsewa a jikin manyan namun daji ne ya kai shi can, kare tsuntsaye daga baya ya biyo. Ana yi masa rami a kai tare da tsagogi, idan ya shiga nama sai gefunan su naɗe baya su faɗaɗa raunin, jikinsa kuma ya kasance dunƙule, yakan riƙe kusan duk nauyinsa. Jihar Kalifoniya ta wajabta irinsa a yankin kondo a 2008, ta faɗaɗa dokar zuwa kowace irin farauta daga 1 ga Yulin 2019, Denmak ma ta hana dalma a harsashin farauta a 2024. Sai dai jan ƙarfe ya fi dalma rashin nauyi: dunƙulen dalma mai santimita ɗaya a tsayi da faɗi da zurfi ya haura giram 11, na jan ƙarfe kuwa kusan giram 9 ne. Don haka kan harsashi mai nauyi iri ɗaya zai fi tsawo, ya cinye wurin albarushi a cikin kwanso, matsin wuta ya ƙaru. Wanda ya ɗauki awon da aka rubuta don dalma ya yi aiki da shi a jan ƙarfe yana wasa da idonsa da yatsunsa, shi ya sa kamfanonin ke buga nasu awon daban. Ga kuma wata matsalar da ta keɓanci mai bindiga biyu, libarba da ta kafaɗa. Harsashi ɗaya da ya fita daga dogon bututun bindigar kafaɗa yana fin wanda ya fita daga libarba gudu da ɗaruruwan ƙafa a sakan, alhali kowane kan harsashi yana da iyakar gudun da aka ƙera shi ya buɗe a cikinta. In gudun ya gaza, ba zai buɗe ba. In ya yi yawa, gefunan na iya karyewa.

Daga nan ne suka mafi ƙarfi ke fitowa, kuma daga bakin maharba na gaskiya take fitowa. Suna cewa jan ƙarfe ya fi dalma tauri, yana buƙatar gudu kafin ya buɗe, libarba kuwa ba ta da gudun da za ta yi asara. Idan harsashin ya isa barewa daga nesa bayan ƙarfinsa ya ragu, zai huda ta kawai ya wuce, a sami ainihin raunin da ake gudu. Shin daidai ne a azabtar da dabbar da ke gabanka tabbas don kare tsuntsun da wataƙila ba zai zo ba? Wannan tambaya ce ta mai imani, kuma idan da zaɓin biyu ne kawai, da na ce haƙƙin dabbar da ake harbi ya fi kusa. Amma akwai zaɓi na uku, wanda mai haɗa harsashi ya fi kowa ikon ɗauka. Yana da na'urar auna gudun harsashi, yana iya harbi cikin jarkokin ruwa ko jiƙaƙƙiyar takarda daga nisan da yake niyyar farauta, ya ciro kan harsashin ya gani da idonsa ko ya buɗe. Yana iya gwadawa a libarba daban, a bindigar kafaɗa daban. Abin da gwajin zai ba shi shi ne iyaka: daga nan zuwa can harsashina yana aiki, bayan can ba ni da hurumin taɓa kunama. Karon da ake gani tsakanin tausayin biyu yana faruwa ne kawai ga wanda ya ƙi matsowa kusa kuma ya ƙi barin dabba ta wuce. Farashin da ake nema a gare shi shi ne ya koma gida hannu rabbana a wasu ranaku, kuma wannan farashi ne da mai neman halal ya saba biya a kowace sana'a.

Suka ta biyu ta fi wannan ilimi, kuma dole a ba ta rabonta. Almajiran Keith ba su dogara da buɗewar harsashi ba tun asali. Suna zuba dalma mai tauri da faffaɗan kai, wadda ke ratsa dabba ta fita ba tare da ta farfashe sosai ba. Gwajin da hukumar albarkatun ƙasa ta jihar Minesota ta yi a 2008 a kan gawarwakin tumaki ya nuna cewa harsasai masu tafiya a hankali ba su kai na manyan bindigogi masu gudu zubar da ɓurɓushi ba. Don haka gaskiya ne cewa mai farauta da libarba ba shi ne babban mai laifi a mutuwar kondo ba, kuma wanda ya daidaita shi da mai dogon zango ya yi masa rashin adalci. Sai dai ƙarancin ɓarna ba rashinta ba ne. Harsashin da ya bugi ƙashin kafaɗa yana barin dalma ko da a hankali ya zo, wanda aka harba daga bindigar kafaɗa ya riga ya shiga gudun da dalma mai taushi ke zubewa, kuma ruwan cikin gaggafa yana narkar da ɗan guntun da ta haɗiya. Akwai kuma cutar da ke gida: mai narka dalma a rumfarsa yana shaƙar ƙurarta, yana ɗauko ta a riga zuwa inda 'ya'yansa ke rarrafe. Ƙa'idar fiƙihu ta kawar da cuta ba ta ce a jira sai cutar ta yi yawa ba, muddin hanyar kauce mata tana hannu kuma ba ta fi ƙarfin mutum ba.

Masu cewa jan ƙarfe ya yi tsada, ko kuwa duk maganar dabara ce ta masu son kashe farauta gaba ɗaya, ba za su ɗauke mu lokaci ba. Maharbin barewa harsashi ɗaya ko biyu yake harbi kan dabba a shekara, sauran na atisaye ne a filin da ungulu ba ta ci. Kuma ko da maƙiyin farauta ne ya fara faɗar gaskiya, hoton eksire bai san jam'iyya ba. A jihar Arizona, inda tun 2005 hukuma ta zaɓi lallashi da ba da harsashin jan ƙarfe kyauta maimakon doka, mafi yawan maharban yankin kondo sun amsa da kansu, ko dai suka canja harsashi ko suka riƙa kwashe kayan cikin daga daji.

Sukar da ta fi zurfi ta masu bin tafarkin Peter Singer ce, wanda littafinsa na 1975 ya zama tushen gwagwarmayar 'yancin dabbobi. A wurinsu, mutumin da ke zaune yana auna albarushi don ya kashe dabbar da ba ta yi masa komai ba, sannan yana kiran hakan kyautatawa, yana yi wa kansa daɗin baki ne, tausayi na gaskiya shi ne ya ajiye bindigar. Musulmi ba zai bi su har can ba, domin ya yarda cewa Mahaliccin dabbar ne ya halatta cin ta. Amma kada ya yi gaggawar juya musu baya, domin akwai abin da suka gani wanda malamanmu ma suka gani. Malikiyya sun karhanta farauta don wasa kawai, kuma hadisi ya hana mayar da abu mai rai abin gwada saiti. Ke nan mutumin da ya haɗa sabon harsashi ya fita neman abin da zai harba don kawai ya ga yadda zai buɗe ya fita daga izinin, kome kyan harsashinsa. Inda nake rabuwa da su shi ne zaton cewa kyautata kisa yaudara ce. Ko Singer, da ma'auninsa na rage wahala, ba zai iya cewa mutuwar sakan goma da ta kwana uku ɗaya ba ce. Kuma mai cin naman kanti bai tsira daga jini ba, ya dai wakilta wani ya zubar masa a inda ba ya gani. Maharbin da ya ga idon dabbar, ya kuma haɗa abin da ya kashe ta da hannunsa, ya ɗauki abin da sauranmu muke biyan kuɗi don a ɓoye mana.

Akwai iyakar da wannan hujja ba ta tsallakawa, kuma ya kamata a faɗe ta. Irin waɗannan harsasai suna cikin libarbar da Ba'amurke ke ajiyewa a gefen gado saboda ɓarawo, 'yan sandan ƙasashe da dama ma da masu rami a kai suke aiki, bisa dalilin cewa ba sa ratsa wanda aka harba su sami na bayansa. Wannan mas'ala ce ta jinin ɗan Adam, tana da nata sharuɗɗan masu tsanani, kuma duk abin da aka faɗa kan gaggauta mutuwar barewa bai halatta ɗigo ɗaya a can ba, domin a can mutuwa ba ita ce manufa ba.

Doka irin ta Kalifoniya tana iya tilasta ƙarfen da za a yi harsashi da shi, jami'in gandun daji ya duba aljihun maharbi ya tabbatar. Ba ta iya tilasta masa ya bi awon da aka buga don wannan harsashi takamaimai, ya gwada shi a bindigogin biyu, ya rubuta nisan da ya daina buɗewa, ko ya sauke bindiga idan barewa ta tsaya taku ashirin bayan wannan nisa. Mai saye a kanti yana iya cewa kamfani ne ya auna, shi ya dogara da abin da aka rubuta a kwali, kuma akwai ɗan uzuri a cikin hakan. Wanda ya zauna a teburinsa ya zaɓi kan harsashin, ya zaɓi albarushin, ya auna da sikelinsa, ba shi da kamfanin da zai nuna idan barewa ta gudu da rauni ko gaggafa ta faɗo daga reshe bayan mako biyu.